Hoton da Ba a Gyara Ba

"Wannan 'yarka ce ko 'yar aljanu?" in ji Sajan, yana jujjuya wayar.

Mai hoto ya share gumi. Ɗazun nan ya tsaya ƙofar kantin magani, ya bar mota a kunne, Auta na barci a kujerar baya. Kafin ya fito wani ya ja motar, har da yarinyar. Yanzu 'yan sanda za su tura sanarwa ta shiga wayar kowa a garin, hoto kawai suke jira.

"Ita ce, yallaɓai. Ɗan gyara na yi."

"Ka ce tana da giɓi, nan ga haƙora reras kamar tallan man goge baki. Ka ce da tabo a goshi. Ina tabon?"

"Na share."

"Kawo wani."

Ya kawo. Auta a kan gajimare. Auta fara sol, a gaban wani lambun da ba ta taɓa takawa ba. Tun tana cikin zanen goyo yake ɗaukarta, da irin son da ba ya iya barin ko ƙurji a fuska, yau ga shi babu hoto ɗaya da maƙwabci zai gane.

Matarsa ta faɗo ofishin, takalmi wari da wari, ta dangwara wayarta a tebur. Auta ce, baki a wangale tana tsala ihu, giɓi a fili, kitso ya tsufa, ga majina.

"Ba na ce ki goge wannan ba?" in ji mai hoto.

"Baban Auta, ka ƙara magana, wallahi sai an yi taka sanarwar."

Sajan ya aika. Nan take wayoyin ofishin suka ɗauki ƙara, har ta wani da ke tsare a bayan kanta. Mai hoto ya zauna a benci yana kallon majinar nan, yana kuka kamar an aiko shi.

La'asar ba ta yi ba wata mai zuba mai ta kira. Wani ya tsaya shan mai, a kujerar bayan motar ga bakin nan a wangale, sak na cikin waya. Ta riƙe shi da hira har aka iso. Sajan ya ce da ɓarawon ya ga 'yan sanda har ajiyar zuciya ya yi.

Aka kawo Auta. Uban ya durƙusa ya rungume ta. Ita kuwa ta leƙa wayar Sajan ta saman kafaɗarsa, ta turo baki.

"Ni ce mummuna haka?"

"Babanki zai gyara miki," in ji uwar.

Ya ƙara matse ta a ƙirjinsa.

"Yau na rufe shago," ya ce.