Hannun Yaya

Fuskar kam ta rufe ta, wallahi ta rufe. Auta ta ga yadda ake yi a talabijin, sai ta bi fuskar Yayanta da hazo-hazo har ita kanta ba ta gane shi. Abin da ba wanda ya gaya mata shi ne ba da fuska kaɗai ake gane mutum ba.

Malamin aikin jarida ne ya jawo. Shigarsu aji ke nan, ko riƙon kyamara bai koya musu ba, ya ce kowa ya je ya yi hira da wani ma'aikaci a kan wahalar aikinsa, a ɗora a shafin makaranta. "Ku dai fita ku yi, a can za ku koya," in ji shi. Kai, Malam!

Yaya a masana'antar robobi yake aiki, kuma tun rasuwar Baba shi ke riƙe da gidan da karatun Auta. Bara inji ya cinye masa yatsu biyu. Da ƙyar ya yarda da hirar.

"Ki rufe ni sosai, Auta. Manaja ya gane ni, aikina ya tafi."

Ya zauna a bakin gado ya faɗi yadda aka cire murafen injinan don aiki ya yi sauri. To Yaya kuwa ba ya iya magana sai da hannu.

Auta ta miƙa bidiyon, aka ɗora a shafin. Washegari da safe a aji ƙawarta ta miƙo mata waya. A ƙarƙashin bidiyon wani ya rubuta: "Ai mun san wannan hannun." Auta ta sake kallo. Ga hazo a sama, ga hannu mai yatsu uku a ƙasa yana ta kai da komo. 

Ta ruga ofishin Malam, a kulle. Aka ce yana taron malamai. Masinja ya tare ƙofar ɗakin taron, ta bi ta ƙarƙashin hannunsa ta faɗa ciki, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Malam, don girman Allah a sauke bidiyona!"

"Wanne? Ai naki ya fi na kowa kyau."

"Hannunsa, Malam! Za su kore shi!"

Malam ya duba, ya cire tabarau, ya mayar. "Subhanallahi. Yadda ake kare wanda aka yi hira da shi ai darasin mako mai zuwa ne."

Mako mai zuwa! Auta ta ji kamar ta shaƙe shi. Ga shi lambar sirrin shafin tana wajen sakatariya, sakatariya kuma ta kai ɗanta asibiti, wayarta na ta ƙara ba a ɗauka. Kafin a same ta a sauke bidiyon, ya riga ya zaga wayoyin mutane.

Auta ta nufi masana'antar, tana kiran Yaya a waya tana kuka, ba ya ɗagawa. Maigadi ya hana ta shiga. Ta tsaya ta riƙe ƙarfen ƙofa tana roƙon Allah ya sa manajan ba ya kallon waya, ya sa akwai wani mai yatsu ukun a ciki. Har wannan mugun fatan sai da ta yi.

Rana tsaka, lokacin da ba ma'aikacin da ke tashi, ƙaramar ƙofa ta buɗe. Yaya ya fito, takalman aikinsa da kwanon abincinsa a leda.

"Yaya, na rufe fuskar, wallahi na rufe..."

"Na gani. Kin rufe." Ya dube ta, idonsa ja. "Malamin dai ya ba ki maki?"

"Ya ce ya fi na kowa."

Ya gyaɗa kai. Tun da injin ya yanke shi, Yaya bai taɓa ɓoye hannun nan ba, da shi yake gaisawa, da shi yake tsokanar yara. Auta na kallo ya cusa shi cikin aljihu, ya ce, "Mu je. Ke za ki gaya wa Mama ko ni?"