Kumfa a Tankin Tarwaɗa

Abdulbaƙi ya tura kwandon cikin tankin ya ɗago, sai ga tarwaɗa uku kwance a ciki, farin cikinsu yana kallon sama. Ya juye su a bokiti a kan 'yan'uwansu. Sha ɗaya ke nan da safiyar nan. Jiya tara, shekaranjiya huɗu.

Wata huɗu ya kwashe yana haɗa abin nan a bayan ɗakin Umma, inda a da ake ɗaure awaki. Tankin roba ɗaya na kifi, sai duro biyu da ya tsaga kowanne gida biyu ya cika da tsakuwa, ya dasa latas da alayyafo da tumatir, babu ko ƙwayar ƙasa. Ƙaramin injin sola ke ɗaga ruwan kifin ya zuba wa shukar, shukar ta ci dattin, ruwan ya koma wa kifin a tace. A waya ya koya, bidiyo bayan bidiyo, har ya kan ji ƙarar zubar ruwan a cikin mafarkinsa.

Kuma yau, ba gobe ba, bayan La'asar, Baffa Muntaka zai iso daga Miga. Shi ne ƙanin mahaifin Radiyya, budurwar da Abdulbaƙi yake nema da aure, shi aka wakilta ya zo ya ga sana'ar da malamin firamaren nan yake cewa zai riƙe iyali da ita. Abin da ya koma ya faɗa shi zai sa a ce wa Abdulbaƙi ya turo magabatansa, ko a ce ya haƙura.

Ya sunkuya ya ƙura wa ruwan ido. Wata 'yar kumfa ce fara take taruwa a gefen tankin, tana fashewa a hankali. Ruwan kifi ba ya irin wannan kumfar. Ya ɗaga kai, idonsa ya sauka a kan katanga. Kan tsani ne ya leƙo daga gidan maƙwabcinsu, daidai saitin tankin.

Maƙwabcin ya faɗo masa a rai. Malam Nata'ala, mai gyaran keke napep, tun ranar da aka kawo tankin yake ƙorafi: danshi na cin bangonsa, sauro ya hana iyalinsa sakat. Makon jiya ma a ƙofar masallaci ya ce, “Ko ka kwashe tarkacen nan, ko wata rana ka tashi ka tarar an taya ka.” A lokacin dariya aka yi.

Wayarsa ta yi ƙara. Radiyya ce.

“Angon tarwaɗa, an tashi lafiya? Baffa fa ya sa an goge masa babbar riga tun jiya.”

“Lafiya ƙalau,” ya ce, yana kallon bokitin.

“Muryarka ba ta ce lafiya ba.”

“Mura ce.”

Tun da suka haɗu a ɗakin karatu na jami'a bai taɓa yi mata ƙarya ba sai yau, kuma ya ɗora laifin wannan ma a kan mai tsanin.

Ya ɗebi ruwan a gora, ya leƙa ya ce wa Umma ya fita, ya zagaya ƙofar gidan Malam Nata'ala. Ya tarar da shi tsugune gefen wata keke da aka kwance wa ƙafa, direbobi uku a kan benci suna jiransa.

“Malam, an tashi lafiya?”

“Lafiya lau, manomin ruwa. Ya kifayen, sun fara haihuwar tumatir?”

Direbobin suka tuntsire da dariya.

“Mutuwa suke yi.”

“Assha. Allah ya mayar da alheri.”

“Na ga tsaninka jingine da katangarmu.”

Malam Nata'ala bai ɗago ba. “Tsanina a cikin gidana yake.”

“Kwana uku ke nan yana wurin. Kwana uku ke nan kifina na mutuwa.”

Dariyar ta ɗauke. Dattijon ya ajiye sifanar hannunsa, ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya da tsumma.

“Siminti nake shafawa inda ruwanka ya ci min bango, ban ce ka biya ba. Abdulbaƙi, ina cikin mutum huɗun da suka sa mahaifinka a kabari. Yau ni kake cewa na haura gidansa na zuba guba?”

“Ban ce ba.”

“Ka ce. Ga shaidu nan sun ji. Je ka abinka.”

Ya tafi, zuciyarsa na ce masa mai gaskiya ba ya saurin kawo zancen kabari. Ya hau keke zuwa kasuwa, wajen mutumin da yake sayar masa da abincin kifi. Mutumin ya buɗe gorar, ya shinshina, ya girgiza ta ya ɗaga wa haske.

“Wannan ai sabulu ne. Wa ka ɓata wa?”

Duk hanyar dawowa yana shirya kalaman da zai faɗa wa mai unguwa. A irin wannan lokaci yana cikin aji, amma yau ya ɗauki uzuri, don haka babu mai tsammaninsa a gida. Ya shiga zaure, sai ya ji abu biyu: injin ruwan ya yi shiru, kuma akwai ƙarar tsakuwa ana cuɗa ta, kacau, kacau. Ya cire takalmansa. Ya bi gefen bango a hankali, ya leƙa.

Umma ce. Tana zaune a kujerar tsakar gida, baho a gabanta cike da tsakuwa da kumfar garin sabulu, ta duƙufa tana dirza da soson ƙarfe. Ta ciro latas ɗin ɗaya bayan ɗaya ta jera su a faranti, ta lulluɓe saiwarsu da jiƙaƙƙen tsumma kamar jarirai.

“Au, ka dawo? Na so in gama kafin ka gani. Wannan ce ta ƙarshe.”

“Umma, me kike yi?”

“Me ka ga ina yi? Tsakuwar nan duk ta yi yauƙi, baƙi ƙirin. Baƙon arziki zai zo ya ga wannan, ya koma Miga ya ce uwar yaron ƙazama ce? Kullum in ka fita sai in wanke ta ɓarin duro guda, in ɗauraye tas in mayar. Ba ka lura da yadda suke sheƙi ba?”

Ya lura. Har murna ya yi, ya zaci ruwan ne ya fara tsarkake kansa. Yauƙin nan shi ne ran abin gaba ɗaya. A cikinsa ƙananan halittun da ido ba ya gani suke zaune, su ke juya kashin kifi ya zama abincin shuka. Wata huɗu yana rainonsu. Sau ɗaya ta taɓa tambayarsa yadda abin yake aiki, ya ce mata, “Umma, ba za ki gane ba.” Kuma safiya uku yana kai matattun kifin bola a ɓoye, don kada hankalinta ya tashi.

Ya dubi hannuwanta. Fatar yatsun ta yi fari ta tattare, tsakuwa ta yanke ta a babban yatsa.

“Sannu, Umma,” ya ce. “Bar sauran, ni zan ƙarasa.”

Daga nan bai sake zama ba. Ya kwashe kifin da suka rage, talatin da shida, ya zuba a randa da ruwan rijiya. Ya zubar da ruwan tankin, ya ɗauraye tsakuwa har kafaɗunsa suka mutu. Sau biyu yana cewa bari ya zagaya wajen Malam Nata'ala, sau biyu yana samun wani aikin da ya fi gaggawa.

Baffa Muntaka ya iso ana idar da La'asar, dogon mutum mai tafin hannu kamar bayan icce. Ya zagaya durukan shiru, ya murza ganyen alayyafo, ya leƙa randar.

“Nawa ka zuba tun farko?”

“Sittin, Baffa.”

“Me ya ci sauran?”

Umma na bakin ƙofar ɗakinta da kwanon fura a hannu, fuskarta cike da alfahari.

“Rashin sanina ne. Sabon shiga ne ni.”

Baffa ya gyaɗa kai. “Ni ma bara tsutsa ta cinye min dawa, kuma shekara arba'in ina noma. Shuka a kan dutse dai na gani da idona, ba labari ba.” Ya karɓi furar ya kurɓa, ya yi wa Umma godiya. “Amma ni ba kifi aka aiko ni gani ba, ɗana. Ba kifi ne zai zauna da Radiyya ba. Halin mutum a bakin maƙwabcinsa ake ji. Wane ne a gidan nan na jikinku?”

Abdulbaƙi ya ce, “Malam Nata'ala.”

“To, ka zauna. Ba sai ka raka ni ba.”

Ya tsaya a zaure yana jin takun Baffa yana nisa. Ya ji sallamarsa, ya ji ƙarar guduma ta tsaya, ya ji an ja benci ana cewa bismillah. Sai ya zura takalmansa ya fita.

Direbobin na nan, har sun ƙaru. Ya wuce su, ya durƙusa a kan ƙasar da baƙin mai ya jiƙa, tsakanin dattijan biyu.

“Baffa, kafin ka tambaye shi,” ya ce, “bari in faɗa maka da bakina abin da na yi masa yau da safe.”