Mukayyif Uku da Sunan Husaini

Shekara tara Husaini yana dakon kwalaye a wani sito a unguwar Khumra, sai bana aka ce za a ɗaga shi zuwa sashen kayan tashar jirgin ruwa. Can kuwa ba a shiga sai da katin tsaro. Ya cike takardu, matarsa Zaituna har ta fara zagaya kasuwar Balad tana taya labule.

Amsa ta dawo, an hana. Wai ba a ba mai bashi amanar ƙofa, ga kuma mukayyif uku, wato na'urorin sanyaya ɗaki, da aka ɗauka biyan wata-wata da sunansa, wata biyar ba a biya ba.

To, kowa a unguwarsu ta Sharafiyya ya san inda mukayyif ɗin nan ke hura sanyi. Gidan gwaggonsa Hindatu ne, wadda ta goya shi, wadda iƙamarta, takardar izinin zama a ƙasar, ta mutu tun bai yi gemu ba. Kanti ba ya ba marar iƙama kaya, sai ta ari sunan ɗa ta sanyaya ɗakunan 'yan hayarta.

Husaini ya same ta kwance ƙarƙashin ɗaya, har da bargo.

"Gwaggo, sun hana ni aikin."

"Ya waladi, ɗana, 'yan haya ne suka ƙi biya. Zauna ka ci sambusa."

Kwana talatin aka ba shi ya ɗaukaka ƙara. Zaituna ta sayar da awarwaronta, baki a tunzure, aka biya bashin. Ya kai rasit gaban Ustaz Raed mai duba ƙorafi, wanda ya juya takardun yana hamma.

"Ya Husaini, ɗaki ɗaya gare ka a rubuce. Mukayyif uku, ƙanƙara kake sayarwa?"

Raed ya turo masa takarda da biro.

"In wani ka tsaya wa, rubuta sunansa da lambar iƙamarsa a nan, halas, shi ke nan, katinka ya fito. In naka ne ka gaza biya, sai bayan shekara biyu ka sake nema."

Husaini ya ɗauki biron. Sunan nan in ya shiga takarda, tsohuwa mai ciwon gwiwa ce za a kwasa zuwa ƙasar da ta baro tana 'yar shekara shida. Ya sunkuya ya rubuta.

Raed ya karanta, ya ɗago kai. "Duka ukun naka ne?"

"Ni mutum ne mai jin zafi, ustaz."

Raed ya daɗe yana kallonsa, sannan ya buga hatimi.

"Shekara biyu. Yalla, na gaba."