Ƙuri'ar Rufaffen Baki

A taronmu na masu tsara ƙa'idojin intanet ba a ɗaga hannu. In za a yanke hukunci, rufe baki ake yi a ce "mmm", shugaban zama ya kasa kunne ya ji ɓangaren da ya fi ƙara. Manya da furfurarsu, wai injiniyoyi! A da, dariya abin yake ba ni, sai a zaman da muka yi a birnin Buenos Aires ya daina.

Ƙanwata Dalma ta gudu daga mijin da ya karya mata haƙarƙari, ta ɓuya a wata unguwa. Sai makarantar 'yarta ta saka adireshin maɓoyar tata a intanet bisa kuskure. Sun goge a ranar, amma ina! Rumbunan da ke ajiye kwafin shafuka don su riƙa buɗewa da sauri sun riga sun kwashe. Na bi masu rumbunan ina roƙo, kowa ya ce sai an kafa ƙa'ida. Ƙa'idar ce na kawo taron: umarni guda, kowane rumbu ya goge.

Maigidana a wurin aiki, Don Evaristo, ya bugi ƙirji. "Nélida, 'yata, muryata ta bijimi ce. Ina bayanki."

Na yi bayani. Wani ya ce sunan umarnin bai yi masa daɗi ba. Wani ya ce injinan kamfaninsu za su wahala. Injina fa! Tir.

"Masu goyon baya," in ji shugaba.

Na yi mmm har maƙogwarona ya yi zafi. Daga muryata sai ƙarar fanka. Na waiwaya. Don Evaristo na gefen mai kukan injinan nan, ya cusa empanada, irin samosar nan mai nama, sukutum a baki, maiƙo na bin haɓarsa, yana nuna mini kumatunsa, wai baki a cike yake.

"Masu adawa."

Ɗakin ya ɗauka kamar an taɓa gidan zuma. Na rantse har da shi, da lomar a bakinsa.

A waje ya tare ni yana lasar yatsu. "Haba 'yata, mu kawo shi taro na gaba. Harkar ƙa'ida ba ta son gaggawa."

Na juya masa baya. Sai ga kiran Dalma.

"Yaya, sun yarda? Maƙwabciya ta ce wani ya zo yana tambayar ƙofarmu."

"Ɗauki yarinyar ku fita ta baya," na ce. "Bar kayan."