Shirun Layin Darakta

Tun da likitoci suka yi wa Darakta aiki a maƙogwaro, muryarsa ta koma raɗa. Mutumin da a da in ya daka tsawa kajin maƙwabta ke watsewa, yanzu sai matarsa ta kara kunne kafin ta gane ruwa yake so. Ga shi yau za a karrama shi, ya kuma kafe sai ya yi godiya da bakinsa. Ta ce ya bar babban ɗansu ya yi magana a madadinsa, ya galla mata harara.

Zauren unguwa, wanda shi ya yi masa rufi, ya cika maƙil. Masu jawabi suka yi ta yabon finafinan da ya ɗauka a layinsu tun gashinsa na baƙi, da matasan da ya koya wa riƙe kyamara. Matarsa dai ko rabi ba ta ji ba, idonta na kansa.

Ana miƙa masa lambar yabo, lasifika ta yi ƙara ta mutu. Leɓensa na motsi, ba mai jin komai. Surutu ya tashi, 'yan baya suka fara jan kujeru. Tausayinsa ya kama matarsa, ta yunƙura za ta janye shi.

Mai walda ya riga ta. Shekara da shekaru, in za a ɗauki fim a layin, shi ke fara kashe injinsa, mai niƙa ta bi, makanike ya ajiye guduma ko da mai mota na tsaye yana cika yana batsewa. Mai waldan ya haye kujera da uban tumbinsa ya ce, "A yi shiru, Darakta zai ɗauka."

Jiki ya riga ya saba. Mai niƙa ta toshe bakin jikanta, wani ya kashe fanka, mai tari ya haɗiye abinsa.

"Duk fim ɗin da na yi, da shirunku na yi shi," in ji Darakta. "Ban taɓa gode muku ba. Na gode."

Har bakin ƙofa an ji shi. Amma ba wanda ya motsa. Matarsa ta share hawaye, ta matso ta ce, "Malam, ai ba ka sallame su ba."

Ya yi murmushi, ya ɗaga hannu ya sauke yadda ya saba in an gama ɗauka. Zauren ya ɓarke da tafi.