Ranar Ɗaga Gida

Gidan da Mukhti ke ciki na gumagumai ne, kakan mijinta ya harhaɗa shi ba ƙusa ko ɗaya. Tun rasuwar mijin aka raba shi da katako, ita da 'ya'yanta ta gabas, ƙanin marigayin, Rustum, ta yamma. Amma gumaguman ba su san da rabo ba, kowanne ya miƙe ne daga wannan kusurwa har waccan.

Gungumen can ƙasa shi ne ya ruɓe, ta gefenta. Bango ya fara sunkuyawa kan shimfiɗar yara, ga dusar ƙanƙara ta sauko rabin dutse. Wasta Subhan kafinta ya sassaƙa sabo, mazan ƙauye suka hallara da dogayen sanduna don a ɗaga gidan a zare ruɓaɓɓen. Sai dai a yankinsu na Tulail ba a ɗaga gida da wuta a murhu. Kwashe ta ake yi a kasko, in an sauke gida a mayar, don wutar kakanni ce, ba a barinta ta mutu. Wanda ya ƙyasta ashana a tsohon gida kuwa, ya zama baƙo a cikinsa.

Mukhti ta kwashe tata tun da safe. Hayaƙin Rustum kuwa sai tashi yake, har da ƙari.

Ta tsaya a ƙofarsa. "Rustum, mutane fa suna jira."

"Su sha jira. Shayina bai dahu ba."

"Tun asuba kake dafa shayin nan. Naman sa ne a ciki?"

"Matar yaya, ina ruwana da ruɓaɓɓen icenki? Gidan ya faɗi mana, in samu fili in ja bulo kamar kowa."

"Ya faɗi a kan 'ya'yan ɗan'uwanka?"

"Ki kai su gidanku. Ai ba tsirowa kika yi a nan ba."

Wani daga cikin mazan ya ajiye sandarsa, wani ya ce shi fa bai gama kwasar dankali ba. Wasta Subhan ya dubi sama, ya ce a hankali, "In suka watse yau, sai bazara."

Rabon Mukhti da tsallaka wannan ƙofa tun zaman makoki. Ta koma ta ɗauko wani kaskon, ta shige ta gefen Rustum kamar ba ta gan shi ba. Ta sauke tukunyar shayinsa mai gishiri, ta kwashe garwashin tas, na ƙarshen da yatsunta ta ɗauke shi.

"Ke! Wutar ubana ce!"

"Ga ta nan da ranta. Ƙwace mana, a gaban mutane."

Ya ɗaga hannu, ya waiga ya ga idanu cike da ƙofa, ya sauke.

"Murhu ya huce!" in ji Wasta Subhan. "Rustum, za ka fito ne, ko mu ɗaga har da kai?"

Aka kwashe da dariya. Ya fito da takalmi a hannu yana zage-zage. Maza suka danna sanduna, gidan ya yi ƙara kamar tsohon da aka tasa daga barci. Ruɓaɓɓen ya fito gutsi-gutsi, sabon ya zauna daram a gurbinsa. Mukhti ta bi tsagogin tana cusa gansakuka da hannun da bai ƙone ba.

Kafin la'asar dusar ta fara sauka. Ta mayar da wutarta, tasa kuwa ta bar ta a kasko kusa da ƙafarta. Tana jinsa ta bayan katako yana karkaɗa kwalin ashana, ya ajiye, ya sake ɗauka. Can sai ga shi a ƙofa, kafaɗunsa fari fat.

"Wutata."

"A gidanmu dai, inda na tsiro, sallama ake fara yi."

Sallamar ta fito da ƙyar, ta tsakanin haƙora. Ta amsa masa cikakkiya, sannan ta tura kaskon da ƙafa.