Muryoyin da Ba Su Iya Jira Ba

"Baba, aikinka ɗaya ne: ka zauna ka yi shiru," in ji maƙwabcina, yana gyara filo a bayansa.

Na zauna. Shekarata saba'in da huɗu, arba'in daga ciki da zarto a hannuna, ban taɓa barin yaro ya ce mini in yi shiru ba. Amma shi wannan, ciwo ya cinye shi har agogo na zamewa zuwa gwiwar hannunsa, sai na haɗiye.

Injiniya muke ce masa a layinmu, ko da yake ban taɓa ganinsa da sufana ba. Rubutu yake wa kwamfuta, ita kuma ta bi umarninsa. Ya ce masu irin aikinsa, in abu ya cije, sukan ajiye agwagwar roba a tebur su yi ta yi mata bayani layi bayan layi, har bakinsu ya kai su inda kuskuren yake.

"To ina agwagwar?"

"Ga ta nan, har da gemu."

"Mara kunya. Da ƙafarka na ɗaukarka da ka sha sanda."

Abin da yake ginawa na 'yarsa ne, mai shekara shida, wadda ba ta magana tun haihuwa. Ya jera hotuna a fuskar kwamfutar: kofi, gado, ƙofa, uwa, hannu a buɗe. In ta taɓa hoto, sai muryarsa ta faɗi kalmar a madadinta. Ya naɗi muryar tun kafin tari ya sa ta dusashe. Matsalar ita ce in ta taɓa hoto biyu ko uku a jere, kalmomin sai su hau kan juna, su zama surutun kasuwa. Yarinyar takan toshe kunne ta shige ƙarƙashin tebur. Shi kuwa uban, likita ya riga ya daina yi masa maganar watanni, sai makonni.

Kullum da yamma nake zuwa. Rana takan ratso labule ta kwanta a bargonsa, fanka na juyi a hankali, warin magani da na lemo sun cika ɗakin. Yana karanto mini rubutun, ni kuma ina kallon haruffan suna tafiya kamar tururuwa a jikin katako. Wani lokaci gyangyaɗi ya ɗebe ni, in ga kaina a tsohon shagona, ina fere kalmomi ɗaya bayan ɗaya ina jera su a bango su bushe. In na farka, in tarar shi ma ya yi barci, yatsunsa a kan madannan kwamfutar.

Ran nan ya sake gwadawa. Murya uku suka tashi tare, duk tasa.

Haƙurina ya ƙare. "Waɗannan muryoyin naka ba su da tarbiyya. Wani na magana, wani na tsoma baki. Ba wanda ya koya musu su bari na gaba ya gama?"

Ya kafe ni da ido. Na zaci ya ji haushi. Sai ya fara dariya, dariyar ta koma tari, har matarsa ta leƙo da ruwa.

"Na ce su fara, ban ce su jira ba," ya ce da ya samu numfashi. "Sati biyu, Baba! Kalma ɗaya ce na manta."

Ya buga ta da yatsa ɗaya. Ya ce ma'anarta jira. A samanta ya ƙara wani layi da ya ce ba na kwamfuta ba ne, na mutum ne, don duk wanda zai taɓa aikin bayansa ya san dalili. Sannan ya sa matarsa ta kwafe komai a wuri biyu.

"A kira yarinyar ta gwada?" ta tambaya.

"Tana barci. Bar ta, gobe."

Goben ba ta same shi da bakin magana ba. Washegarinta da hantsi ya rasu, hannunsa a cikin nawa, mara nauyi kamar ɓawon katako.

Bayan kwana tara na shiga duba su. An naɗe katifarsa an jingine a bango, kwamfutar na kan tebur. Yarinyar ta hau kujera ta durƙusa a kai, ta taɓa hoto uku da sauri, ta kai hannu kusa da kunnenta.

"Mama," in ji muryar. Ta tsaya. "Ina so." Ta sake tsayawa. "Ruwa."

Yarinyar ta sauke hannunta a hankali. Uwar tana bakin ƙofa da tsintsiya, ba ta motsa ba sai da ɗakin ya yi tsit. Sannan ta jingine tsintsiyar, ta tafi ɗauko kofi.